Farin Farantin Baba Fatakwal

"Shi ne, wallahi. An sallamo Baba Fatakwal."

Matan da ke layin famfo a ƙofar gidan Mba Wumpini, cikin unguwar Sakasaka ta birnin Tamale a Gana, suka waiwaya gaba ɗaya. Kwana goma sha ɗaya ke nan famfon bai ɗiga ba, amma an yi ta raɗe-raɗin yau za a sako ruwa, don haka galan-galan rawaya sun yi layi tun daga gindin mangwaro har bakin kwata. Wata yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ta tsaya a gefensu tana kakari. Maigidan ya fito daga ciki, ya miƙa hannu ya taro wani dogon tsoho mai farar hula.

"Kai, ya rame."

"Dama can yana da ƙiba ne? Tun da ya zo gidan nan kamar karan dawa yake."

"An ce likita ya ce a mai da shi gida, ya ci abin da ransa ke so."

"Allah sarki. Sau uku yana gyara mini lema, sai godiya kawai. Ga ban dariya. Ranar da mijina ya faɗi a babur, shi ya sa shi dariya har ɗinkin ya kusa warwarewa."

"In dai an cire maganar ruwan sama, babu mai hankalinsa a layin nan."

"In an cire? Ai ita ce maganar. Mutum da gemunsa yana gudun ruwan Allah?"

"Ku yi a hankali, ga Mma Mulika nan."

Mulikatu tana zaune bayan tukunyar kokonta, taku biyar daga layin, tana kankare gindin kaskon ƙosai. Ta ji duka. Ba ta ɗaga kai ba, sai dai ta ƙasan ido ta ga takalmin tsohon yana jan ƙasa, shi da a da yake tafiya kamar soja.

Sai ga wata jar akuya ta fito daga zaure a guje tana kuka, ta je ta cusa kai cikin rigarsa. Tsohon ya dafa yalo-yalo da hannu ɗaya, ya shafa ta da ɗayan. Ya jira numfashinsa ya daidaita, sannan ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Tafinta, kin ga ban mutu ba. Je ki gaya wa mai koko ta rage murna, ɗakina bai zama wurin ajiye gero ba tukuna."

Mulikatu ta ajiye cokali, ta dubi akuyar ido cikin ido.

"Tafinta, ki ce masa asibitin ma surutunsa ne ya ishe su suka koro shi. Ki ce akwai sauran koko a kofi, na ajiye wa kaji. In yana so ya riga su."

Layin famfo ya kece da dariya. Wata ta ce, "To, gida ya dawo daidai." Mba Wumpini ya girgiza kai, ya kama tsohon suka shige. Da Mulikatu ta ɗauko kofin, sai ga shi a rufe da murfi, an naɗe shi da tsumma don kada ya huce, ga ƙosai huɗu masu zafi a gefe. Kowa ya gani, ba wanda ya tambayi irin kajin da ake yi wa haka.

Sunansa na yanka Tahidu, haifaffen Tishigu, nan cikin Tamale. Yana saurayi ya hau motar goro ya tafi Najeriya. Lokacin da aka kori 'yan Gana, shi ya saje da Hausawan kasuwa, harshensa ya cece shi. Daga nan ya gangara kudu, ya sami aikin gadi a wani ƙauye bayan Fatakwal, inda ake haƙar mai. Ya yi shekara talatin da 'yan kai, ya dawo Tamale da akwatin ƙarfe ɗaya, da tari, da wani farin faranti da ya rataye a ƙusa a bakin ƙofarsa. Duk ranar da hadari ya haɗu sai ya sauko da farantin ya ajiye a tsakiyar gida, shi kuma ya koma ɗaki ya rufe taga. In an ɗauke ya fito, ya duba ruwan da ya taru, ya shafa yatsa a gindin farantin, ya zubar. Ba ya sha, ba ya alwala da shi. Gara ya tura kekensa har Tishigu ya ɗebo a rijiyar masallaci.

Watansa biyu a gidan aka sa bikin Bashiratu, 'yar Mulikatu. Famfo ya yi mako uku a bushe. Ana jibi ɗaurin aure Allah ya saukar da ruwa kamar da bakin ƙwarya, Mulikatu ta cika durom huɗu da duk wata roba da ke gidan, tana guɗa ita kaɗai. Tahidu ya dawo daga masallaci ya tarar da jikarta, 'yar shekara huɗu, tsaye ƙarƙashin indararo, baki buɗe, tana sha. Ya fizge yarinyar, ya bi durom-durom ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ya tuntsurar. A gaban dangin ango da suka zo daga Lamashegu da kayan lefe, Mulikatu ta nuna shi da yatsa ta ce, "Mahaukaci! An kawo mana mahaukaci gida!" Ta kuma rantse bakinta da kunnensa sun rabu.

Kwana biyu ya yi yana jigilar galan a keke har ya cika durom huɗun, aka yi biki, aka ci aka sha. Bai ce a yi haƙuri ba, ita ma ba ta janye kalmarta ba. Kalmar kuwa ta bi layi. Ko masu ƙaunarsa in sun yabe shi sai sun ƙara da cewa, "sai dai ɗan taɓin nan na ruwa."

Zama gida ɗaya ba ya yiwuwa babu magana: wa ya bar tsintsiya a hanya, wa ya ga wuƙa, ana sallama da wa. Da ya sayi 'yar akuya, wata rana ya tsaya a gabanta ya ce, "Ki gaya wa mai koko tukunyarta na ƙonewa." Mulikatu ta ruga ta sauke, ta dawo ta ce wa akuyar, "Ki ce na ji." Daga ranar sunan akuyar ya zama Tafinta. Shekara tara ke nan. Ta bakinta ya yi mata barka da haihuwar jikoki, ta bakinta ta yi masa faɗa kan ƙin shan magani. Tun a shekarar farko Afa Zakir, limamin layin, ya gaya mata rantsuwa irin wannan ana warware ta da ciyar da mabuƙata goma. Ta ce, "Afa, ni da nake ciyar da fiye da goma kullum da safe?" Ya ce, "To ai kin daɗe da warwarewa, Mma." Ta sani. Bakin ne ya ƙi buɗuwa.

Ranar Talata aka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, aka jingina shi da filo biyu. Masu dubiya suka yi ta zuwa, wasu da "Dasiba," ina kwanan Dagombawa, wasu da "Sannu da jiki." Famfon bai zo ba jiya, bai zo ba yau, don haka matan layi suka baro galan ɗinsu suka zagaye shi. Mulikatu ta janyo robar ƙullunta kusa, wai inuwar ta fi a nan, ta zauna tana tace gasara, ta ba su baya.

"Baba, me likita ya ce?"

"Ya ɗaga hoton ƙirjina ya ce, 'Baba, kwalin taba nawa kake sha a rana?' Na ce, ɗana, ban taɓa sa taba a bakina ba. Kamfani ne ya kunna tasa, ni na shaƙi hayaƙin."

"Ba mu labarin wutar nan mana, Mulaika ba ta taɓa ji ba, sabuwar zuwa ce."

Ya gyara hula. "Kun ga hasumiyar babban masallaci? To, bututun ya kai haka, a can ƙololuwa wutar take ci. Ba dare ba rana, ba Juma'a ba Lahadi. Ƙara kuwa kamar jirgi yana shirin tashi, ya ƙi tashi, shekara talatin. Zakarun garin duk sun rikice. Ina da wani zakara, ya yi ta cara yana zaton gari ya waye har muryarsa ta dushe. Daga ƙarshe ya yi fushi ya ajiye aiki."

"Me suke ƙonawa haka?"

"Gas. Wannan dai da kuke ɗaukar tukunya kuna bin layi a kansa. Tare yake fitowa da man, su kuma man suke so. Sai su cinna masa wuta ya tafi sama."

"A banza?" Wata ta dafe ƙirji. "Mu muna nan muna faɗa da mai gawayi?"

"A banza, 'yata. Sai matan ƙauye da ke shanya rogo kusa da shi, kafin ka gama alwala ya bushe. Kwanon rufi kuwa shekara biyu ya zama rariya, kana kwance kana ƙirga... to, babu ma taurarin da za ka ƙirga, hasken ya kore su. Kifin rafi in an soya, gidan duka sai warin kananzir, kyanwa ta shinshina ta dube ka kamar ka zage ta. Na taɓa shanya farar rigar sallata, ruwa ya doke ta. Da na dawo na tarar ta yi baƙi ƙirin, na ce, to, na sami rigar zuwa makoki a Kumasi."

Aka yi dariya har wata ta faɗa kan galan. Shi ma ya yi, dariyar ta juye tari, tarin ya daɗe. Hannun Mulikatu ya tsaya cikin ƙullu har sai da ta ji ya ja numfashi.

Ana cikin haka sai ga Hammawa, Bafulatanin da matarsa ke kawo nono gidan, ya shigo da igiya a kafaɗa. Suka gaisa. Baba Tahidu ya ce, "Na aika a kira ka ne saboda Tafinta. Ba ni da ƙarfin yanko mata ganye, nan kuma leda kawai take ci. Ka kai ta ruga ta ga ciyawa kafin ta tsufa. Na ba ka."

Mulikatu ta juyo a karo na farko. Hammawa ya zura wa akuyar igiya, tsohon ya ce ya dakata. Ya kama kunnenta ya janyo ta kusa.

"Zo ki karɓi saƙon ƙarshe. Ki gaya wa mai koko na taɓa haihuwa. Mariyatu sunanta."

Matan suka matso kusa. Ba wanda ya taɓa jin wannan.

"In ana ruwa sai ta fita tsakar gida ta ɗaga kai ta buɗe baki, wai tana shan sama. Ni da uwarta muna dariya. Ba mu sani ba. Tana shekara biyar ƙirjinta ya fara kuka kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Ba ta kai shida ba. Ban ce ruwan ne kaɗai ba, ga iskar, ga kifin, Allah ya san wanne. Bayan nan ne matan ƙauyen suka nuna mini dabarar farantin: ka ajiye fari a fili, ka ga abin da sama ta aiko. Kullum baƙi nake gani kwance a gindinsa, kamar an kankare tukunya." Ya huta. "Ki ce mata, ranar da na shigo na ga yarinyar nan a ƙarƙashin indararo, ban ga durom ɗin kowa ba. Tamalen ma ban gan ta ba. Shi ke nan saƙon. Hammawa, tafi, rana tana yi."

Mulikatu ta miƙe, gasara na ɗiga daga gwiwar hannunta. Ta buɗe baki, amsar na nan a maƙogwaro, amma Hammawa mai saurin ƙafa ne, akuyar ta riga ta kai titi.

"Hammawa! Tsaya mana, ban ba ta amsa ba!"

"Mma, shanu suna jirana," ya ce daga nesa. Ya ɗora akuyar a bayan babur ya tafi.

Ta waiwayo. Tsohon ya lumshe ido kamar mai barci, amma gefen gemunsa yana motsi. Mba Wumpini ya zo wucewa da buta, ya ce ƙasa-ƙasa, "Mma Mulika, tsohon nan ya ɗana miki tarko."

Ranar Laraba bai iya fitowa ba. Ta kai koko ta ajiye a bakin labule, ta tsaya tana dube-dube. Wata kaza mai wake-wake tana tono kusa da randa. Mulikatu ta gyara murya.

"Ke kaza, ki gaya wa mai ɗakin nan..."

"Wumpini!" murya ta fito daga ciki, siririya amma da sauran shaƙiyanci. "Ka ji wata kaza na kuka? Ni ban iya yaren kaji ba."

Ta je ta tsaya gaban maigidan. "Mba Wumpini, don Allah ka shiga ka ce masa..."

"A'a. Ni maigida ne, ba akuya ba."

Da azahar Bashiratu ta zo daga Lamashegu a kan babur ɗinta, da goyo a baya da kwanon miya a gaba. Ta shiga ta gaida shi, ta fito idonta ya yi ja, ta ja uwarta bayan kicin.

"Mma, auren da aka yi faɗan a kansa ya haifi yara uku. Kalma nawa ce? Ki shiga ki faɗa mana."

"Ke yarinya ce. Kin taɓa ɗaga turmin da ya shekara tara a wuri ɗaya?"

"Na taɓa. Mirgina shi ake yi."

"Sai gobe."

"Goben taki ce, Mma? Kin ji numfashinsa kuwa?"

Ta ji. Tun safe take jinsa ta bayan labule, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙara. Sau uku ta je har bakin ƙofar da yamma. Na farko ta ɗauke kofin, ta ga rabi kawai ya sha. Na biyu ta share gaban ɗakin da ba shi da datti. Na uku ta kama labulen da hannu, ta ji Afa Zakir yana ciki yana karatu, ta ce wa kanta ba a katse malami, ta saki. Abin da ke ba ta tsoro ba mutuwarsa ba ce, kowa da ranarsa. Tsoronta ya tafi da kalmar nan a kunnensa, ita kuma ta zauna da ita a baki.

Alhamis ta zo da zafi irin wanda ke sa ƙadangare neman inuwa. Famfo shiru. Mulikatu ta dama kokon safe da galan na ƙarshe, ta riga ta gaya wa masu saye gobe su nemi shayi. Bayan azahar sai iska ta tsaya cak. Can gabas ta yi duhu. Wata tsohuwa a layin famfo ta ɗaga hanci ta ce, "Ƙanshin ƙasa nake ji." Kafin a ba ta amsa iska ta taso ta kwashi ledoji da hular wani mai babur, ɗigo na farko ya faɗo a kan kwano kamar an jefa tsakuwa.

Ruwan farko na bana ya riga ya wanke rufin tun tsohon yana asibiti, don haka wannan na tarawa ne. Layi ya watse. Kowa ta rarumi galan ta yi gida. A gidan Mba Wumpini aka fito da durom, da baho, da bokiti, da tukunyar biki, har da tsohon firij da ya mutu aka kwantar da shi ƙarƙashin indararo, baki sama. Matar maigidan ta zame ta zauna daɓas cikin taɓo, ta ƙi tashi, tana dariya tana cewa a bar ta, wankan mako biyu take ramawa. Mba Wumpini da kansa ya naɗe wando yana tura durom yana ba da umarnin da ba mai ji. Wata ta rangaɗa guɗa, ta maƙwabta ta amsa ta bayan katanga.

Mulikatu ta jera nata durom huɗun, ta tsaya tana jin yadda ƙarar ruwan ke sauyawa a cikinsu yayin da suke cika. Ta share fuska, idonta ya faɗa kan ƙofar tsohon. Farantin yana nan rataye a ƙusa. Shekara tara ba a taɓa yin ruwa a gidan nan farantin yana rataye ba.

Ta je ta sauko da shi. Ta wanke shi da sabulu ta ɗauraye, ta kai tsakiyar gida, daidai inda yake ajiyewa, nesa da rufi da reshen mangwaro. Ta tsaya a kansa ruwa na dukanta, har ya cika ya fara zuba. Ta ɗauka da hannu biyu, tana tafiya kamar mai ɗauke da jariri. Matan suka daina guɗa suna kallonta. A bakin ƙofar ta yi sallama, ga ɗakin dai, ba ga kowa ba, ta ture labule da kafaɗa.

Tagar a rufe take. Yana kwance a kan gado, an tokare shi da filo, idonsa biyu yana sauraron rufin. Ta durƙusa ta kawo farantin gabansa. Ya dube shi, ya dubi mayafinta da ke zubar da ruwa a kan tabarmarsa. Ya yi nuni da taga. Ta ajiye, ta buɗe, haske da feshi suka shigo tare.

Ya sa yatsa cikin ruwan ya shafa gindin farantin a hankali, ya zagaya, ya fito da yatsan ya kai kusa da ido. Babu komai.

"Fari," ya ce, kamar da rufin yake magana. "Shekara tara ina dubawa, kullum fari. Idona ya yarda tun ranar farko, zuciyar ce ta ƙi. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu." Ya lashi leɓe. "Ko akwai mai ba ni in ɗanɗana?"

Ta tallafi ƙeyarsa da hannu ɗaya, ta kai gefen farantin bakinsa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya sake kurɓa, wannan karon da yawa, har ya gangaro ta gemu. Sai ya fara dariya, ƙaramar dariya wadda ba ta tayar da tari ba.

"Kai! Randar uwata a Tishigu. Wallahi ita ce, har ɗan ƙanshin ƙasar. Ashe abin da nake zubarwa ke nan? Wumpini! Ku zo ku ga mahaukaci ya sha ruwan sama!"

Kawuna suka cika ƙofa da taga. Wata ta fara guɗa, aka ce ta yi a hankali, shi ya ce a bar ta ta yi. Matar maigidan, da taɓo har kunne, ta ce sai ya sha na bahonta ma, nata ya fi zaƙi. Ya ce ta ajiye masa sai gobe. Mba Wumpini ya dubi Mulikatu a durƙushe, ya kore su duka, ya saki labule.

Washegari Juma'a da hantsi Baba Tahidu ya cika, hannunsa cikin na maigidan. Famfo bai zo ba, da ruwan durom ɗin Mulikatu aka yi masa wanka, aka kai shi bayan an sauko masallaci, mutane har bakin titi. Amma wannan duk na gobe ne.

A yammacin nan ruwan ya fara tsagaitawa, sai ɗigo daga bakin kwano. Mulikatu ta zauna a ƙasa, farantin a cinyarta, da sauran ruwa kaɗan yana rawa a gindinsa.

"Mulikatu," ya ce. Bai taɓa kiran sunan ba. "Durom huɗu na zubar miki. Ga shi kin rama da faranti ɗaya."

Ta waiga hagu, ta waiga dama, tana neman Tafinta don sabo.

"Tana ruga," ya ce. "Tana cin ciyawa."

Sai ta ɗaga kai ta dube shi sosai. Ta ga ashe yana da ɗan tabo a gira, shekara tara ba ta sani ba. Wani ɗigo ya gangaro daga bakin mayafinta ya faɗa cikin farantin. Ta riƙe shi da hannu biyu don kada ya zube.

"Baba Tahidu," ta ce, muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya, har na tsakar gida suka ji. "Ni na ce maka mahaukaci, a gaban mutane. Ban san abin da ka gani ba. Ka yafe mini."